Wace Sensa Ce Za Ta Jure Zafin Injin Ban-Ruwa?

"Assalamu alaikum Injiniya. Ni ɗalibi ne daga Maiurno a jihar Sinnar. Mahaifina yana da injin dizal mai silinda huɗu, mai lagireto da batir, wanda ke juya famfon ban-ruwa a gonarmu ta ayaba a bakin Shuɗin Nilu. Bara injin ya yi zafi cikin dare babu kowa a kusa, gaskit ɗin kan injin ya ƙone, muka kashe kuɗi masu yawa. Ina da allon Arduino Uno, ƙaramar kwamfutar nan da ake tsara wa aiki, ina so in haɗa abin da zai riƙa auna zafin injin, ya yi ƙara idan ya wuce kima. Na ɗaure sensar zafi DS18B20 a jikin salansa, ko awa ɗaya ba ta yi ba ta narke. Wasu sun ce in nemi PT100, wasu sun ce tamokoful nau'in K. Wacce ta fi dacewa, kuma a ina zan sa ta?"

Wa alaikumus salam ƙanena. Allah ya mayar wa Baba da alheri, ya kuma yi maka albarka da ka tashi tsaye don kada abin ya sake faruwa.

Tambayoyi biyu ne ka dunƙule wuri ɗaya. Ta farko, wace sensa ce za ta zauna a salansa ba ta narke ba. Ta biyu, wane awo ne da an yi shi a daren nan da ya ceci gaskit. Amsar ta farko tamokoful nau'in K ne, babu ja. Amma amsar ta biyu ita ce ta fi muhimmanci a gare ku, kuma ba ta cikin salansa. Tana jikin kan injin, kuma irin sensar da ka narkar ɗin ma za ta iya wannan aikin da ka sa ta a wurin da ya dace.

Zafin inji ba iri ɗaya ba ne

Inji guda yana da wurare huɗu da ake awo, kowanne da nasa ma'auni. Ruwan sanyaya yana zama tsakanin digiri 80 zuwa 95 a ma'aunin Salsiyas idan lafiya lau, kuma murfin lagireto mai matsin bar ɗaya (bar ma'aunin matsi ne) yana hana shi tafasa sai ya kusa 120. Baƙin mai yakan zauna tsakanin 90 zuwa 110, ya wuce 120 ya fara tsinkewa yana rasa ƙarfinsa. Ƙarfen kan inji mai sanyaya da ruwa yana bin zafin ruwan ne da 'yar tazara, amma a inji mai sanyaya da iska yana iya kai 150 har zuwa 200. Hayaƙi kuwa wata duniya ce daban: dizal da ke aiki babu kaya yana fitar da hayaƙi mai digiri 120 zuwa 200, idan ya ɗauki kaya ya hau 400 zuwa 600, injin fetur ma yakan haura 800.

DS18B20 iyakarta digiri 125. LM35, wata sensar irinta, mafi juriyarta ma ba ta wuce 150. Duk biyun ɗan guntun silikon ne a cikin roba, saboda haka abin da ya same ka ba matsalar jabu ba ce, ko ta asali ka saya haka za ta yi. DHT11 da DHT22 da ake yawan gani a cikin kayan koyon Arduino na iskar ɗaki ne, kada su zo kusa da inji.

Me ya sa kan inji ne farko

Gaskit yana ƙonewa ne galibi saboda ruwa ya daina zagayawa. Fambel ya tsinke, tiyo ya fashe, famfon ruwan injin ya mutu, ko ƙura da ƙaiƙayi sun toshe haƙarƙarin lagireto. A bakin kogi akwai wani dalili na ƙari. Manoma da yawa suna jan ruwan sanyaya daga bututun famfon ban-ruwan kansa, ko su riƙa cika lagireto da ruwan kogi. A watan Agusta da Satumba ruwan yana zuwa da laka, lakar ta kwanta a hanyoyin ruwa na cikin inji. Idan kuma ruwan daga famfo ake ja, da zarar famfon ya sha iska ya daina ɗagowa, sanyaya ta tsaya alhali injin na ci gaba da gudu.

A duk waɗannan, zafin hayaƙi ba ya canzawa sosai a mintunan farko. Idan famfon ne ya sha iska ma sauka zai yi, domin an sauke wa injin kaya. Mai kallon salansa kaɗai zai ga lamba mai daɗi yayin da kan injin ke toyewa.

Akwai kuma tarkon da ya ci injuna da yawa masu agogon zafi a jikinsu. Sensar ruwa tana auna abin da ya taɓa bakinta ne. Idan tiyo na ƙasa ya fashe ruwa ya zube gaba ɗaya, bakin sensar ya koma cikin iska da tururi, sai allura ta tsaya inda take ko ta yi ƙasa. Shi ya sa a aikina nake fara sa sensa a jikin ƙarfen kan inji kafin komai. Ƙarfe ba ya zubewa. Da ruwa ko babu ruwa, zai faɗi gaskiyar halin da yake ciki.

Yadda ake ɗaura ta abu ne mai sauƙi. Nemi DS18B20 mai bututun ƙarfe na milimita 6, amma ka duba wayarta. Masu arha suna zuwa da rigar PVC da ke laushi tun kafin digiri 100, ka nemi mai rigar silikon ko Teflon. Sannan ka sayi kan waya na jan ƙarfe irin na kebul ɗin batir, wanda raminsa zai ɗauki bututun. Shafa man isar da zafi irin wanda masu gyaran kwamfuta ke sa wa furosesa, ka cusa bututun, ka ɗan matse kaɗan yadda ba zai zame ba. Matsa mai ƙarfi tana fasa sensar a ciki. Sai ka ɗaure zoben a ƙarƙashin wani ƙaramin bol da ke jikin kan injin, kamar na ƙarfen da ake rataya inji ko na gidan tamostat. Kada ka kwance manyan bol-bol da suka danne kan injin, an ɗaure su ne da awo kuma a jere, kwance ɗaya na iya jawo ainihin abin da kake gudu. Zaɓi ɓangaren da ba ya kusa da manifol na hayaƙi, wato bututun da ke tattara hayaƙin silindoji, ka kuma rufe zoben da ɗan ƙyallen da ke jure zafi don kada iskar fanka ta riƙa sanyaya shi ta rage maka lamba. Tsakanin wayar bayanai da layin 5V sai rezisto mai om 4,700. Yi amfani da wayoyi ukun duka, kada ka yi haɗin waya biyu da wasu ke yi don tsimi, ba ya da tabbas idan zafi ya yi sama.

Idan DS18B20 ta gaskiya ta yi wuyar samu, je wurin masu kayan mota ka sayi sensar ruwa mai ƙafa biyu, irin ta Bosch mai zaren M12. Tamista ce, juriyarta tana raguwa idan zafi ya ƙaru: kimanin om 2,500 a digiri 20, 323 a digiri 80, 187 a digiri 100. Haɗa rezisto mai om 1,000 daga 5V zuwa ƙafar A0, sensar kuma daga A0 zuwa GND, wato ƙafar negatib. Arduino zai ba ka lamba wajen 250 a digiri 80, wajen 160 a digiri 100. Wannan an ƙera ta ne don girgiza da mai da ruwa, ta fi duk wata sensar shagon lantarki ƙarko. Abin da ba za ka yi ba shi ne ka jona waya a kan sensar da ke aiki da agogon injin. Agogon yana tura mata wuta daga layin volt 12, zai ƙone ƙafar Arduino, kai kuma ka ɓata karatun agogon.

PT100 fa? Sensa ce mai kyau. Waya ce ta filatinam mai om 100 a digiri sifili, 138.5 a digiri 100, ana karanta ta da allon MAX31865 mai rezisto na om 430. Ta fi kowa daidaito, kuma ita zan zaɓa don baƙin mai ko kan inji mai sanyaya da iska. Sai dai tana da tsada, om ɗaya na juriyar waya yana ƙara mata kuskuren digiri 2.6 idan ba a yi haɗin waya uku ba, kuma waɗanda ake samu a kasuwa yawancinsu iyakarsu 400 zuwa 500. Ga kan injinku daidaitonta ya wuce buƙata, ga salansa kuma ba ta kai ba. Bar ta.

Tamokoful da abin da ke karanta shi

Awon hayaƙi yana da nasa amfani, domin shi ke nuna an ɗora wa inji kaya fiye da ƙarfinsa, ko matatar iska ta toshe bayan guguwar ƙura, ko nozul yana ɗigar da mai, ko lokacin fesa mai ya yi jinkiri. Waɗannan ba sa kashe inji a dare ɗaya, amma suna cin bawul da kan fistin a hankali, kuma zallar alminiyum yana narkewa ne a wajen digiri 660, gaurayensa da ake yin fistin da shi ma kafin nan yake narkewa. Wani abin da manoma kan yi mamaki: famfo mai juyawa yana jan ƙarfi mafi yawa ne lokacin da kogi ya cika, ɗagawa ta ragu, ruwa ke fita da yawa. Lokacin da kake ganin aiki ya yi sauƙi, a lokacin injin ya fi shan wahala, kuma hayaƙi ne zai gaya maka.

Tamokoful wayoyi ne biyu na ƙarfe daban-daban da aka haɗa bakinsu. Idan bakin ya fi ɗaya ƙarshen zafi, sai a sami 'yar wuta tsakaninsu. Thomas Seebeck ne ya gano hakan a 1821. Nau'in K an yi shi da gaurayen nikel biyu, kuromel da alumel, yana aiki har sama da digiri 1,100. Nau'in J yana da wayar baƙin ƙarfe da ke tsatsa a wuri mai laima irin bakin kogi, kuma iyakarsa wajen 750. Nau'in N ya fi K daɗewa a zafi mai tsanani amma samunsa da wuya. K ne ya cika kasuwa, shi za ka saya.

Wutar da yake bayarwa ƙanƙanuwa ce matuƙa, kimanin maikurovolt 41 a kowane digiri. A digiri 100 milivolt 4.1 ne, a 600 kusan milivolt 25. Mataki ɗaya na awon Arduino Uno milivolt 4.9 ne, wato sai zafi ya ƙaru da kusan digiri 120 kafin lamba ta motsa da ɗaya. Don haka ba a jona shi kai tsaye. Dole a sa ɗan allo a tsakani da zai ƙara ƙarfin siginar, ya kuma yi wani aiki na biyu. Tamokoful bambancin zafi tsakanin ƙarshensa biyu yake aunawa, saboda haka allon yana auna zafin jikinsa ya ƙara a kai. Ka riƙe wannan, domin daga nan ne yawancin kurakurai ke fitowa.

Cikin irin waɗannan alluna, MAX6675 shi ne ya fi yawa da arha. Yana aiki da 5V kai tsaye, yana karanta sifili zuwa 1,024 a matakin rubu'in digiri, kuma yana gane idan waya ta tsinke. MAX31855 ya fi shi da cewa yana gane idan wayar ta taɓa jikin ƙarfe ko layin wuta, amma da volt 3.3 yake aiki, sai ka tabbata allon da ka saya yana da abin daidaita shi da Uno. MAX31856 ya fi su duka, yana karɓar nau'o'i da yawa kuma yana tace hayaniyar wutar gari, mai zagaye 50 a sakan irin ta Sudan ko 60 irin ta Saudiyya. Ga aikinka MAX6675 ya isa. Kuskuren tamokoful K kansa yana kai kashi 0.75 cikin ɗari, wato digiri huɗu ko biyar a 600, kuma babu injin da ya taɓa lalacewa saboda digiri biyar na hayaƙi. Kuɗin da ka rage ka sa shi a sandar awo mai kyau.

Sandar awo da inda za ta shiga

Ɗan tamokoful mai kan ƙusa M6 da ke zuwa tare da MAX6675 a leda ɗaya, ajiye shi don gwaji a kan tebur. Bakinsa gajere ne ba zai kai cikin hayaƙi ba, rigar wayarsa kuma ba za ta daɗe a jikin manifol ba. Abin da kake nema sanda ce ta ƙarfe da aka cika da farin garin magnesiyam oksaid, wayoyin suna binne a ciki. Kauri milimita 3 ya yi daidai, domin ta milimita 6 tana jinkirin amsawa, ta milimita 1.5 kuma girgizar dizal tana karya ta. Rigar ta zama Inconel 600 ko bakin silba mai lamba 310. Tsawon santimita 10 ya wadatar.

Ga sharaɗin da bai kamata ka yi sassauci a kansa ba: bakin wayoyin kada ya taɓa rigar ƙarfen daga ciki. Ana sayar da iri biyu, mai haɗe da riga da wanda aka ware. Gwada da mita kafin ka biya. Sa ta a awon juriya, ƙafa ɗaya a waya, ɗaya a jikin sandar. Idan ta yi ƙara ko ta nuna 'yan om, mayar musu. Dalili shi ne wutar altaneta da ta kik tana bin jikin injin ne ta koma batir, kuma tsakanin wani sashen ƙarfen da wani ana iya samun bambancin milivolt goma-goma. Siginarka duka milivolt 25 ce. Sanda mai haɗe da riga za ta kwaso wannan hayaniya, ka ga lamba tana tsalle duk lokacin da injin ya ƙara gudu, MAX31855 kuwa kuskure kawai zai riƙa nunawa ya ƙi karatu.

Ɗaure sanda a bayan bututu da waya ko kilif ba awon hayaƙi ba ne, fatar bututu ka auna, wadda iska ke sanyayawa, kuma tana iya yin ƙasa da ainihin zafin da fiye da digiri ɗari. Bakin sandar ya shiga har tsakiyar hanyar hayaƙi. Wurin da ya fi shi ne inda rassan manifol huɗu suka haɗu, idan kuma akwai tobo (na'urar da hayaƙi ke juyawa don tura wa inji iska) to kafin tobo, domin bayansa zafi yana faɗuwa da digiri ɗari ko fiye. Idan manifol na zubi ne, a huda da bakin diril milimita 8.5 zuwa 8.7 a yanka zaren 1/8 NPT. Idan bututun ƙarfe ne, mai walda ya ɗora maka noti a kai. Ka lura da zaren, domin iri biyu ne masu kama da juna: NPT yana da zare 27 a inci, BSP yana da 28. Suna shiga juna zagaye biyu ko uku sai su cije, mutum ya ƙara ƙarfi ya fasa zubin. Sayi abin yanka zaren tare da abin riƙe sandar, ka gwada su a hannu tukuna.

Cire manifol ɗin kafin a huda ya fi. Idan injin yana da tobo, cire shi wajibi ne, domin ɓarɓashin ƙarfe ɗaya yana isa ya lalata fukafukansa. Kada kuma sandar ta yi tsawon da za ta taɓa bangon ɗaya gefen, girgiza za ta cinye bakinta.

Waya ce ke ɓata yawancin aikin

Sandar takan zo da waya mita ɗaya ko biyu, akwatin kuma yana nesa, sai mutum ya ɗauko wayar jan ƙarfe ya ƙara. A nan ake faɗuwa. Daga inda jan ƙarfe ya fara, nan ne ƙarshen tamokoful, amma allon yana ɗauka cewa ƙarshen yana jikinsa. A ce haɗin yana kusa da inji inda zafi ya kai 70, akwatin kuma yana inuwa a 45. Karatunka zai yi ƙasa da digiri 25, kuma kuskuren zai riƙa canzawa tsakanin rana da dare. Ƙari sai da wayar nau'in K, ana rubuta mata KX, tun daga sanda har kan sukurorin allon.

Launi yana rikita mutane domin ƙa'ida biyu ke yawo a kasuwa. A ta Turai kore ne fositib, fari negatib. A ta Amurka rawaya ne fositib, ja kuma negatib, saɓanin abin da bakanike ya saba da shi a batir. Kayan da suka zo daga Sin ma wani lokaci ja da shuɗi ne. Kada ka dogara da launi, ɗauko maganaɗisu. Wayar alumel, wato negatib, tana ɗan manne masa, ɗayar ba ta yi. Idan ka juya su, za ka ga lamba tana sauka yayin da sandar ke ɗaukar zafi, a MAX6675 ta tsaya a sifili.

Wayar ta bi hanyar da ba ta kusa da kebul ɗin altaneta da na kik, a ɗaure ta duk bayan taƙi ɗaya don kada ta riƙa gugar ƙarfe. Mai rigar zaren gilashi tana jure wajen digiri 480 amma tana tsotsar mai da ruwa, idan ta jiƙe karatu ya lalace. Yi amfani da ita kusa da manifol kawai, sauran hanyar mai Teflon ta fi. A kan sukurorin allon sa kafasita na seramik mai nanofarad 10 tsakanin ƙafafun biyu. Allon kansa ya zauna cikin akwati ɗaya da Arduino, wayoyin SCK da CS da SO da ke haɗa su kada su wuce santimita 20 zuwa 30. Nisa a ɓangaren tamokoful ake cike shi, ba a ɓangaren waɗannan ba.

Wuta da akwati

Batir ɗin inji ba volt 12 ba ne a zahiri. Yana hawa 14.4 lokacin caji, ya faɗi ƙasa da 10 lokacin tayarwa, idan kuma kan batir ya saki injin na gudu altaneta na iya tura volt masu yawan gaske na ɗan lokaci. Jona wannan a ƙafar Vin, inda Uno ke karɓar wuta daga waje, zai sa ɗan regileta na Uno ya yi zafi ya riƙa yankewa. Sa fis na amfiya ɗaya kusa da batir, sai diyod don kariya daga juya kai, sai diyod ɗin TVS mai kama wuta a wajen volt 18 zuwa 24, sannan allon rage wuta LM2596 da ka saita a volt 5 da mita kafin ka jona komai. Kafasita mai maikurofarad 1,000 bayan diyod ɗin yana taimakawa kada allon ya mutu lokacin kik. Idan injin na volt 24 ne, LM2596 na yau da kullum iyakarsa volt 40, nemi mai alamar HV, wanda ke jure fiye da haka.

Akwatin roba mai rufi da ke hana ƙura da ruwa, a kafa shi a sanda ko bango a inuwa, ba a jikin injin ba. A watan Afrilu da Mayu inuwa kanta tana wuce digiri 40 a yankinku, akwati a rana kuwa ya fi haka nesa. Ƙwaƙwalwar Uno tana jure 85, amma ƙaramin allon rubutu na LCD yana yin baƙi tun kafin nan. Allon gwaji mai ramuka da wayoyin cusawa na ɗaki ne, a gona sai an yi solda ko an ɗaure da sukurori.

Abin da za ka rubuta a manhaja

MAX6675 yana buƙatar kusan milisakan 220 don gama awo ɗaya, idan ka tambaye shi kafin ya gama sai ya fasa ya ba ka tsohuwar lamba. Masu koyo da yawa suna ganin lamba ta daskare su ɗauka allon ya mutu. Karanta shi sau biyu a sakan ya isa. DS18B20 kuma tana son milisakan 750. Ɗauki karatu biyar ka jera su ka zaɓi na tsakiya, wannan yana zubar da tsalle na lokaci ɗaya. Idan DS18B20 ta nuna 127 ƙasa da sifili, waya ce ta tsinke, idan ta kafe a 85 daidai, wutarta ce ke yankewa. Duk wani karatu da ba ya yiwuwa, manhaja ta ɗauke shi a matsayin haɗari ta yi ƙara, kada ta yi shiru.

Iyakar da za ka sa daga injinku za ta fito. Bar shi ya yi aikinsa na kullum 'yan kwanaki, ka riƙa rubuta lambobin a lokacin da rana ta fi zafi. Abin da na saba yi shi ne gargaɗi idan kan inji ya haura abin da ya saba da digiri 8, tsayarwa idan ya haura da 15, kuma ko yaya dai ba na barin iyakar ta wuce 105 zuwa 110. A hayaƙi gargaɗi idan ya haura da 80, kuma kada a bar shi ya zauna sama da 650. Sai zafin ya yi sakan goma sama da iyaka kafin a ɗauki mataki. Ƙara da lura da saurin hawa: kan injin da ya riga ya ɗumama idan ya ƙaru da digiri 5 cikin minti ɗaya, ruwa ya tsaya, babu dalilin jira ya kai iyaka.

Ka ce abin ya faru cikin dare babu kowa a kusa. To jiniya kaɗai ba za ta yi maganin wannan ba, dole na'urar ta iya kashe injin da kanta. Duba famfon mai na injin. Idan yana da solenoid da ke buɗe mai idan an ba shi wuta, sa rile, wato makunnin da Arduino zai riƙa buɗewa da rufewa, a kan wayarsa, ka tsara yadda sai Arduino yana raye yana riƙe da rile ɗin injin zai ci gaba. Ta haka idan na'urar ta mutu injin ma ya tsaya. Sa diyod 1N4007 a gicciye a kan nadin solenoid ɗin, ka kuma kunna agogon tsaro na cikin ƙwaƙwalwar Uno da ke sake tayar da ita idan ta maƙale. Idan injin da jan waya ake kashe shi, ana sayar da solenoid mai ja na volt 12 da bakanike zai haɗa da sandar kashewa. Bayan ta kashe, kada manhaja ta sake barin a tayar sai mutum ya zo ya danna maɓalli. Kuma za ka ga zafin kan injin ya ci gaba da hawa 'yan mintuna bayan tsayawa, wannan al'ada ce, ruwa ne ya daina kwashe zafin da ke cikin ƙarfe.

Kafin ka kai gona, gwada sensa biyun a gida. Kofi cike da dakakkiyar ƙanƙara da ɗan ruwa ya nuna sifili zuwa digiri biyu. Ruwa mai tafasa a tsayin ƙasa irin na Sinnar yana wajen 98 da rabi, ba 100 cif ba. Tamokoful ɗin kuma ka sa mita a milivolt ka tsoma shi a tafasasshen ruwan: idan ɗakin yana wajen digiri 35 za ka ga kimanin 2.6. Idan ya yi nisa da haka ba nau'in K aka ba ka ba. Bayan an ɗaura, gwada kashewar da gaske: rage iyakar zuwa digiri 60 na ɗan lokaci, ka tayar da injin ka tsaya ka ga ta kashe shi.

Lambobin nan na gama-gari ne ga ƙananan injunan dizal, idan littafin injinku ya faɗi wata iyaka, tasa ce gaba da tawa. Sensa ɗaya a mahaɗar manifol matsakaicin silinda huɗu take bayarwa, nozul ɗaya mai matsala na iya ɓuya a ciki. Kuma awon zafi ba ya ganin yankewar baƙin mai da wuri, metal, wato ƙarafan da sandar injin ke juyawa a kansu, yana iya cinyewa kafin kan inji ya motsa da digiri ɗaya. Yawancin injuna suna da makunnin matsin mai a jikinsu, wanda ke kunna jar fitila. Haɗa shi da Arduino ta hanyar oftokofla (ɗan abin da ke isar da sigina ta haske ba tare da wutar ɓangarorin biyu ta haɗu ba) irin PC817 da rezisto mai om 1,500 a ɓangaren volt 12, ka sa manhaja ta yi watsi da shi sakan goma na farko bayan tayarwa, daga nan kuma ta kashe injin cikin sakan biyu idan matsin ya faɗi. Idan kuɗi bai isa a sayi komai lokaci ɗaya ba, fara da sensar kan inji da rile da wannan makunni, tamokoful ya biyo baya idan an sayar da ayaba.